Yadda Za Ka Shirya Tafiyar Kallon Namun Daji Kai Kaɗai: Gandun Mole na Ƙasar Ghana

Wasu kan tafi hutu su dawo a gajiye fiye da yadda suka tafi. Kwana shida, garuruwa biyar, kullum sammako zuwa tasha, kuma rabin abin da suka gani ta tagar mota suka hango shi. Namun daji ba sa son mai gaggawa. Wanda ya zauna wuri ɗaya ya yi shiru shi dabba ke zuwa ta samu, mai zirga-zirga kuwa sai dai ya ga ƙurarta. A kan wannan aka gina matakan da ke tafe: mutum ɗaya, jaka ɗaya, gandu ɗaya.

Na ɗauki gandun Mole da ke arewacin Ghana don Bahaushe ba ya zama baƙo sosai a can. Ƙasar Gwanja ce, wadda fataken Kano da Katsina suka daɗe suna takawa da jakuna don sayen goro a kasuwar Salaga, kuma har gobe za ka yi ciniki da Hausa a Tamale ba tare da tafinta ba. Wanda zai je gandun Yankari ma zai iya bin akasarin wannan tsari.

Mataki na 1: Zaɓi wuri ɗaya, ka yafe sauran

Da ka buɗe taswirar Ghana kwaɗayi zai taso. Ga gadar igiya ta Kakum da ke ratsa kan dogayen bishiyoyi kusa da Cape Coast, ga kadojin Paga a kan iyakar Burkina Faso, ga dorinar Wechiau a kogin Baƙar Volta, ga birai a Boabeng-Fiema. Duk suna da kyau, amma tsakanin Kakum da Mole tafiyar yini guda ce cur a mota. In hutunka mako ɗaya ne, ka bar su sai wani jiƙon.

Mole shi ne gandun daji mafi girma a Ghana. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, wato ya ninka Yankari kusan sau biyu. An keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971, kuma yanzu yana cikin jihar Savannah mai hedikwata a Damongo. Abin da ya sa ya dace da mai tafiya shi kaɗai abu biyu ne. Na farko, ana shiga dajin da ƙafa tare da malamin daji mai bindiga, ba sai ka yi hayar mota ba. Na biyu, masaukin baƙi yana bisa bakin tudu, ƙasa da shi kuma akwai tafkuna biyu da dabbobi ke shan ruwa. Kana zaune da kofin shayi kana kallon giwa.

Ka ware wa gandun kansa kwana huɗu. Biyu sun yi kaɗan: na farko gajiyar hanya ce, na biyu kuma tunanin komawa.

Mataki na 2: Tsayar da lokaci

Da rani ake zuwa, daga Disamba zuwa Afrilu. Da damina ciyawa takan fi mutum tsayi, ruwa na ko'ina, dabbobi sun watse cikin daji ba abin da zai kawo su tafki. Da rani kuwa ƙoramu sun ƙafe, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, ƙishirwa na koro kowa zuwa mashaya ɗaya.

Amma ranin ma iri biyu ne. Disamba da Janairu lokacin hunturu ne: safiya da sanyi, tafiyar ƙafa da daɗi, sai dai hazo kan rufe nesa, wani lokaci har ya hana jirgi sauka a Tamale. Maris da Afrilu giwaye sun fi yawa a bakin ruwa, amma zafi kan kai digiri 40, kuma wanda ya san bazarar Sakkwato ya san me ake nufi. Ni dai a ganina tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu ya fi, cunkoson Kirsimeti da sabuwar shekara ya wuce, zafi bai kai intaha ba. Ka duba kalanda kuma, don a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, kuma tafiyar awa biyu a daji da bakin azumi ba hutu ba ce.

Mataki na 3: Takardu da allura

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zaman kwana 90 da fasfo mai aiki. Masu fasfon Nijar su bincika a ofishin jakadancin Ghana kafin su yanki tikiti, tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Abin da ake yawan mantawa shi ne katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kati. Ghana na tambayarsa a filin jirgi da kan iyaka. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. In ka taɓa yi, ta ishe ka har ƙarshen rayuwa, katin kawai za ka nemo. Kuma ka yi allurar da gaske, kada ka sayi katin a hannun ɗan kwamisho; sauron daji bai iya karatu ba. Tunda arewacin Ghana na cikin yankin da sanƙarau ke tashi da rani, kamar arewacin Najeriya, ka tambayi likita kan rigakafinsa shi ma.

Ka ɗauki hoton fasfo da katin a waya, ka tura wa wani a gida, ka kuma ajiye kwafi a aljihun jaka daban.

Mataki na 4: Hanya

Mafi sauƙi shi ne jirgi daga Legas ko Abuja zuwa Accra, sai wani ƙaramin jirgi zuwa Tamale, tafiyar kamar awa ɗaya. In aljihu bai kai ba, manyan motocin STC da VIP na tashi daga Accra zuwa Tamale ta Kumasi da Kintampo, kimanin kilomita 600, abin da kan ci awa goma sha biyu ko fiye. Wanda zai bi ƙasa tun daga Legas zai ƙetare iyaka uku, Seme da Hillacondji da Aflao, kuma ya ba kansa kwana a Accra kafin ya ci gaba. Taswira za ta nuna wa mutumin Yamai ko Sakkwato cewa ta Burkina Faso ya fi kusa. Haka ne, amma da yanayin tsaron gabashin ƙasar a yanzu, ba hanyar mai yawon buɗe ido ba ce.

Ka kwana a Tamale. Gari ne na Musulmi mafi yawa, masallatai a kowane lungu, babura da kekuna sun fi motoci yawa. Da safe ga koko da ƙosai, da rana ga shinkafa da wake ko tuwo da miyar ayoyo, da dare ga mai tsire. Cikinka ba zai san ya bar gida ba. A nan za ka canji kuɗi, ka sayi layin waya a ofishin kamfani da fasfonka, ka saita agogo, don Ghana na bayan Najeriya da awa ɗaya.

Daga Tamale zuwa Mole kimanin kilomita 150 ne, kan kwalta, ta Fufulso da Damongo, wajen awa uku. Ka shiga motar garin Wa ta safe ka ce a sauke ka a Larabanga. Daga nan ɗan babur zai kai ka ƙofar gandu, 'yan kilomita ne kawai. A ƙofar za ka biya kuɗin shiga, kuma na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, wannan ba cuta ba ce, ƙa'ida ce a rubuce. Ka karɓi rasiti ka adana. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: ka isa da rana tsaka, kada dare ya same ka a hanya.

Mataki na 5: Masauki da kuɗi

Zaɓi uku ne. Mole Motel shi ne tsohon masaukin da ke bakin tudun, ɗakuna marasa ƙawa, da wurin ninƙaya da wurin cin abinci masu kallon tafki. Zaina Lodge na masu hali ne. Akwai kuma ƙananan gidajen baƙi a Larabanga, masu araha, amma kullum sai ka hau babur da asuba ka shigo gandu, ka kuma rasa zaman rana a bakin tudu, wanda shi ne rabin daɗin tafiyar. In za ka matse kuɗi, ka matse a jirgi ko a otal ɗin Accra, ka kwana cikin gandu. Ka kira ka kama ɗaki tun da wuri, ka sake kira ana saura kwana biyu.

Kuɗin ƙasar sidi ne. Ka riƙe tsaba da za ta ishe ka duk kwanakin daji tun daga Tamale, da ƙananan takardu don ɗan babur da tukuici. Kada ka dogara da katin bankin gida. Ka tafi da dala ko sefa ka canja a shagon canji mai rajista. In an buɗe maka asusun kuɗi a layin waya, wanda suke kira MoMo, zai yi maka amfani, kusan kowa na karɓa. Ka raba kuɗin gida biyu, kada su kwana a aljihu ɗaya.

Mataki na 6: Kaya

Jakar goyo ɗaya ta isa. Takalmi rufaffe wajibi ne, ba a barin mai silifa ya shiga tafiyar ƙafa. Dogon wando, riga mai dogon hannu, malafa ko hular kwano, da rigar sanyi ɗaya don asubar hunturu. Launi na da muhimmanci: ruwan ƙasa, ruwan toka, kore mai duhu. Farar shadda za ta sanar da duk dajin zuwanka, baƙi da shuɗi kuma su ke jawo ƙudan tsando, wanda cizonsa ke ratsa riga.

Sai tocila, fawa bank, gorar ruwa babba, maganin shafawa na korar sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, da 'yan ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. Ƙaramar darduma da buta. In akwai abu ɗaya da ya cancanci ka saya ko ka aro, madubin hangen nesa ne. Waya ba ta ɗaukar tsuntsu, ɗigo kawai za ka gani a hoton, alhali gandun na da tsuntsaye fiye da iri 300.

Mataki na 7: Yadda yini ke tafiya a gandu

Ana fita sau biyu, wajen ƙarfe 7 na safe da kuma 3:30 na yamma, kowace fita kamar awa biyu. Ana taruwa a ofishin baƙi, a raba mutane rukuni-rukuni, kowanne da malamin dajinsa. Ba a shiga daji ba tare da shi ba, ko taku goma ne. Tafiyar ƙafa ana biyan ta kan kowane mutum, don haka kaɗaici bai ƙara maka komai. Mota kuwa kuɗinta ɗaya ne ko mutum nawa ne a kai, nan ne mai tafiya shi kaɗai kan ji jiki. Maganin shi ne tun da dare a wurin cin abinci ka tambayi wa ke neman cikon mota gobe. Kusan kullum akwai.

Ranar farko ka fara da ƙafa. Za a gangara daga tudun ta wata siririyar hanya mai duwatsu zuwa fadama. Ka tsaya kusa da malamin, don a nan karatun yake. Zai tsaya kan tulin kashin giwa ya fasa shi da takalmi: in ciki da danshi yana tururi, ba ta yi nisa ba, zai nuna maka ƙwallayen 'ya'yan itace da ta haɗiye, waɗanda za su tsiro a wurin da damina. Zai shuri ƙasa ya ga inda iska ke kai ƙura, sannan ya zagaya da ku ta inda warinku ba zai isa gare ta ba, don giwa ba ta da gani sosai amma hancinta ba ya kuskure. Za ka ga reshen da aka karya ɗanye, da bawon da aka saɓule daga jikin bishiya sama da tsayinka. Sai kuma ka ji ya ce a tsaya. Abin da ka ɗauka suri ne a bayan marke sai ya motsa kunne.

Abin mamaki a giwa shi ne shirunta. Dabbar da ta kai tan huɗu ko biyar za ta wuce ka ba ka ji takunta ba, sai ƙarar ganye da wani gurnani daga can cikin ciki. Akasarin waɗanda ke zuwa kusa da masauki maza ne, mata da 'ya'ya sun fi zama can ciki. In tana kaɗa kunne a hankali, fifita take yi. In ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, ta girgiza, to gargaɗi ne, kuma abin da malamin ya ce shi za a yi: a ja da baya a hankali, ba gudu, ba ihu, ba ƙarin hoto ɗaya. Tazarar da ya ba ku, kada ka rage ta don hoto ya fito.

Banda giwa, za ka ga maraya garke-garke, jajaye, namiji na tsaye shi kaɗai kan filinsa. Gwambaza mai kaurin gashi a bakin ruwa. Mazo mai zane-zanen fari yana leƙe daga duhuwa. Jan biri, kirka, da kadoji kwance kamar itace a gaɓa. Gwanki da kanki da ɓauna sun fi zama nesa, su ne dalilin hawa mota sau ɗaya. Zaki kuwa ka cire rai tun daga gida. Damisa da kura suna nan, amma dare ne nasu. Wanda ya zo da lissafin abin da dole sai ya gani shi ke komawa da ɓacin rai.

Daga ƙarfe 10 zuwa la'asar ba ka da aiki, kuma kada ka ƙirƙiro. Ka ci abinci, ka ɗauki madubinka ka zauna a inuwa a bakin tudu. Da rana ta take giwaye kan gangaro tafki, su nutse har sai hanci kaɗai ke sama, su fito baƙi ƙirin, sannan su ɗebi ƙasa su watsa a gadon baya su koma ja. Kusa da ƙafarka gadu zai zo ya durƙusa kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo a ciyawar masauki, in ya firgita ya miƙe jela sama ya zura da gudu, 'ya'yansa a jere a baya. Ka yi salla, ka yi ƙailula, ka dawo. A rana ta uku idonka zai fara rarrabe abin da jiya duk ganye ne a wurinka: burtu na tafiyar ƙasaita a fili, zalɓe a tsaye, cilakowa, tsirya, mikiya na shawagi.

Ba dole ka fita kowace safiya da kowace yamma ba. Tsarin da ya fi mini: ƙafa a safiya biyu, mota a yamma ɗaya, in kana so fitar dare ɗaya da fitila don ganin jibda da yautai, sauran kuma zama.

Sai maganar gwaggon biri, wanda ya cancanci sakin layinsa. Ya san ƙofa, ya san leda, ya san wanda ya shagala. Ka kulle ɗaki ko minti ɗaya za ka fita, kada ka bar taga a buɗe, kada ka yi yawo da abinci a hannu. In ya fizge, ka bar masa. Haƙoransa ba na wasa ba ne. Kada kuma ka ba kowace dabba abinci, don wanda aka saba wa karɓa shi ke zama ɗan fashi.

Mataki na 8: Kula da kanka

Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai ce masa fuskarka ta canja, sha ruwa. Iskar hunturu na busar da jiki ba tare da gumi ba, don haka ka sha kafin ƙishirwa ta zo. Kada ka shiga ruwan tafki ko rafi, saboda kada da kuma tsargiya. In ka ji zazzaɓi, ka faɗa wa ma'aikata nan take, akwai asibiti a Damongo. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce.

Ka ajiye mutum ɗaya a gida da ya san tsarin tafiyarka, ku yi alkawarin saƙo sau ɗaya a yini, ka kuma gaya masa cewa sabis kan yi rauni a daji, kada shirun awa biyar ya tayar da dangi. Da dare ka yi tafiya da tocila ko daga ɗaki zuwa wurin abinci ne, masaukin ba shi da shinge tsakaninsa da daji.

Kaɗaicin kansa bai kai yadda ake tsoro ba. Ka gaishe da ma'aikata yadda ka saba gaishe da mutane a gida, ka tambayi sunan malamin da ya fita da kai, ka ba shi tukuici. Wasu cikinsu na jin Hausa, kuma hirar minti goma da wanda ya shekara yana sintiri a dajin ta fi duk abin da ke rubuce a allo.

Mataki na 9: Rabin yini a waje

Ka ba Larabanga safiya ɗaya. Masallacinta na ƙasa, fari fat, da sanduna a jikinsa da tsohuwar kuka a gefe, yana cikin mafi tsufa a Ghana. Mutanen garin na cewa tun 1421 yake, kuma ginin irin na Timbuktu da Jenne ne. Ƙarami ne ƙwarai, sai ka sunkuya za ka shiga. Masu yawon buɗe ido a waje suke tsayawa, amma Musulmi zai iya neman izini ya yi salla a ciki. Matasa za su taso su yi maka jagora; ka zaɓi ɗaya, ku yanke kuɗi tun kafin a fara, sadakar masallaci kuma ka ba da ita daban.

In da sauran ƙarfi, ƙauyen Mognori na gefen gandu, inda ake shiga kwalekwale a kogin Mole don kallon tsuntsaye, mata kuma su nuna maka yadda ake sarrafa man kaɗanya. Ka tambaya tukun ko kogin na da ruwa, don a ƙarshen rani yakan ja baya.

Mataki na 10: Komawa

Tun ranar da ka iso ka karɓi lambar ɗan babur ɗin da ya kawo ka, ka kuma tambayi lokacin da motocin Wa ke wucewa zuwa Tamale, don sukan zo a cike. In haka ta faru ka ƙarasa Damongo ka shiga mota daga tasha. Kada ka haɗa barin gandu da tashin jirgi a rana ɗaya, balle ka haɗa jirgin Tamale da na Legas ba tazara, musamman cikin hazo. Ka kwana ɗaya a Tamale, ka shiga kasuwa ka sayi man kaɗanya da rigar saƙi ta Dagomba don tsaraba, ka kashe ragowar sidin ko ka canja shi a can. In zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin farko bayan dawowa, ka yi gwaji, ka kuma gaya wa likita inda ka je da cewa ƙudan tsando ya cije ka, in ya cije ka.